Zarni a Jiki Bayan Doguwar Tafiyar Keke: Yadda Za Ka Gano Dalili Ka Magance Shi

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga 'yan'uwa masu hawan keke a Legas ba ta taya ba ce, ba kuma ta sarƙa ba. Mutum ya dawo daga doguwar tafiya, ya cire riga, sai ya ji wani irin zarni mai shiga hanci yana tashi daga jikinsa. Wani kuma sai ya shiga wanka yake jin sa, har ya ɗauka a cikin hancinsa abin yake. Daga nan sai tsoro ya shigo: ko dai ƙoda ce ta taɓu? Masu tambayar nan sun haɗa da samarin da ke fita da asubar Asabar daga Agege ko Obalende su miƙa hanyar Lekki zuwa Epe, da masu kai saƙo, da masu tallan yogot da ke wuni a kan sirdi.

Abin da kake shaƙa amoniya ce, wato sinadarin da ke sa tsohon fitsari zarni. Jiki yana da ajiyar sukari a cikin tsoka da hanta, likitoci suna kiranta gilaikojin, kuma a babban mutum ba ta cika wuce gram 500 ko kusa da haka ba. In kana taka keke da ƙarfi, cikin minti 90 zuwa awa 2 za ta iya yin ƙasa sosai. Daga nan jiki yake ƙara taɓa furotin don ya samu abin ƙonawa, kamar mai girkin da itace ya ƙare mata ta fara fasa kujerar tsakar gida. Duk lokacin da aka ƙona furotin, amoniya na fita. Aikin hanta ne ta mayar da ita yuriya, ƙoda kuma ta zubar a fitsari. In ta taru fiye da yadda za a kwashe ta nan take, sai wani kaso ya biyo gumi da numfashi.

Ke nan a mafi yawan lokuta yunwa ce, ba ciwo ba. Amma ba a kowane lokaci ba, shi ya sa na jera matakan nan a yadda ya kamata a bi su. Ka riƙa canza abu ɗaya a kowace fita. In ka canza abinci da ruwa da riga a rana guda kuma zarnin ya tafi, ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba.

Kayan da za ka tanada: sikelin awon nauyi irin na tsayawa a kai, gorar ruwa biyu na keke, cokalin shayi da babban cokali, tsohuwar rigar auduga wankakkiya, farin ruwan khal (wato binega), da wurin rubutu ko da a waya ne. Sikelin ne kaɗai zai ɗan taɓa aljihu, kuma ana iya aro.

Mataki na 1: Gano inda zarnin ke fitowa

Da saukowarka, kafin wanka, cire rigar keken ka kai ta nesa. Goge ƙirji da baya da rigar audugar nan, ka sansana. Sannan ka koma ka sansana rigar keken. Hura iska a tafin hannu ka ji numfashinka. In ka shiga bayi, duba launin fitsari.

In rigar keke ce kaɗai ke zarni, audugar kuma gumi ne kawai, to matsalarka wanki ce, Mataki na 2 ya ishe ka. In audugar ma ta ɗauki zarni, daga jikinka yake fitowa, ka bi matakan duka. In kai kaɗai kake ji, ka tambayi wani na kusa da kai ya ce bai ji komai ba, kuma abin yana bin ka har ranakun da ba ka hau keke ba, to hanci ne abin dubawa. Tsohuwar mura da ta zauna a kogon hanci tana iya sa mutum jin warin da babu shi.

Rubuta abu huɗu: awa nawa ka yi, me ka ci jiya da dare da safiyar yau, me ka ci a hanya, ruwa nawa ka sha.

Gargaɗi: in fitsarin ya fito baƙi-baƙi launin ruwan shayi ko kok, ga tsoka tana ciwo fiye da yadda ka saba, kada ka ci gaba da karanta sauran matakan. Wannan na iya zama alamar tsoka ta farfashe tana zuba cikin jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Asibiti za ka, a ranar.

Mataki na 2: Fitar da riga daga zargi

Gumi da kansa yana ɗauke da yuriya. In ya zauna a cikin yadi, ƙwayoyin bakteriya sai su farfasa ta su mayar da ita amoniya. Rigunan keke na roba ne, suna riƙe maiƙon jiki, ga laimar Legas da ba ta barin kaya su bushe sosai, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Rigar da aka cusa a jaka aka bari ta kwana, ko an wanke ta, da ta sake jiƙa da gumi sai tsohon warin ya farka.

Ɗauraye kayan da ruwan sanyi da zarar ka cire. Jiƙa su na minti 30 a bokitin ruwa da rabin kofi na ruwan khal, sannan ka wanke da sabulu kaɗan, ka juya cikinsu waje ka shanya inda iska ke kaɗawa. Kada ka manta da soson cikin hular kwano da igiyarta da safar hannu. Su ne suka fi kusa da hanci, su ne kuma aka fi mantawa.

Gargaɗi: kada ka haɗa ruwan khal da bilic irin su Hypo a bokiti ɗaya, haɗin yana fitar da iska mai guba. Bilic ma dai yana kashe robar wandon keke.

Mataki na 3: Cika ajiya kafin fita

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Saboda gudun cunkoso da rana, kowa yana so ya fita da an sallame sallar asuba, ciki babu komai sai ruwa. Kuma dare guda na barci ya riga ya cinye kaso mai yawa na sukarin da ke cikin hanta.

Saboda haka shirin daga daren jiya yake farawa. Abincin daren ya zama mai sitaci ne a gaba: tuwo, shinkafa, taliya, doya, dankali. Wanda ya kwana a kan tsire ko balangu da lemon kwalba, ya ci daɗi, amma bai tanadi abin tafiya ba.

Ma'aunin da masana abincin 'yan wasa suke bayarwa shi ne gram 1 zuwa 4 na sitaci ko sukari a kan kowane kilo na nauyin jiki, awa 1 zuwa 4 kafin fita. In lokacin ya matse, sai a tsaya a ƙaramin adadi. Mai kilo 70 da zai fita bayan awa ɗaya, gram 70 yake nema. Ayaba matsakaiciya tana da kusan gram 25, babban cokali na zuma kusan gram 17. Ayaba biyu da yankan burodin Agege da aka shafa wa zuma sun kai shi. Kofin koko da sukari ma yana yi sosai. Ƙosan dai ka bar shi sai ka dawo, domin mai da wake suna daɗewa a ciki, za su yi ta taso maka a kan sirdi. Haka ma Indomie da ƙwai uku na wajen mai shayi: abincin dawowa ne, ba na fita ba.

Mataki na 4: Ci a kan hanya, da agogo

In tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, ruwa ya isa. Daga awa 1 zuwa 2 da rabi, jiki yana son gram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Abin da ya wuce haka, irin zuwa Epe ko Badagry a dawo, ƙwararru suna kaiwa har gram 90 a awa, amma su sun horar da cikinsu ne a hankali. Kai fara da 30 zuwa 40.

Babban kuskure shi ne jira sai an ji yunwa. Lokacin da ka ji ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara ganin dishi-dishi, ka fara jin haushin abokan tafiya ba gaira ba dalili, ajiya ta riga ta yi ƙasa, kuma ba ta cikuwa a kan keke. Fara ci tun a minti 30 zuwa 45 na farko, sannan duk bayan minti 20 ko 30 ka jefa wani abu a baki. Sa ƙararrawa a waya in kana mantuwa.

Me za a ci? A shagunan keke na Lekki da Ikoyi za ka ga ƴan ledojin sukari masu kauri da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Suna aiki, ban musa ba, amma kuɗin guda ɗaya zai saya maka dabinon da zai kai ka tafiya fiye da ɗaya, kuma a ganina ga mai tafiyar ƙarshen mako babu wani abin da suka fi dabino da shi sai sauƙin haɗiya. Ƙaramin busasshen dabino yana da gram 5 zuwa 6, ke nan guda 6 ko 7 sun ba ka rabon awa ɗaya. Sayi mudu ko rabi a Mile 12 ko Agege, cire ƙwallon tun a gida, zaɓi mai laushi, domin mai tauri sai ya shaƙe ka kana haki. Ayaba tana da kyau amma tana dagargajewa a aljihun riga in rana ta taka. Dafaffen dankalin Hausa da ɗan gishiri yana taimakon wanda zaƙi ya ginsa. Alawar madara da ƙuli-ƙuli da gyaɗa kuwa, mai da furotin sun fi yawa a wasunsu, ba su ne abin da ake nema a nan ba.

Hanya mafi arha ita ce a zuba sukarin a cikin gora. Ga haɗin: ruwa lita 1, sukari babban cokali 5 a shafe, wato kusan gram 60, gishiri rubu'in cokalin shayi, da matsin lemon tsami don ɗanɗano. Gora ɗaya ta wannan, ɗaya ta zallar ruwa.

Wasu suna zuba ledar ORS ta kemis suna zaton sun gama. ORS an yi ta ne don mai gudawa: gishirinta da yawa, sukarinta kuma gram 13.5 ne kacal a lita. Tana mayar da gishiri, amma ba ta ciyar da tsoka. In za ka sha ta, dabino ya biyo baya.

Gargaɗi: mai ciwon sukari kada ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya yi aiki da su sai ya zauna da likitansa, musamman mai allurar insulin. Kuma kada kowa ya gwada sabon abinci a ranar babbar tafiya. Hanyar Epe ba wurin neman bayi ba ce.

Mataki na 5: Auna gumin da kake zubarwa

Ƙarancin ruwa ba shi ke haifar da amoniya ba, amma yana sa gumi da fitsari su yi kauri, sai warin ya ƙara ƙarfi, ƙoda kuma ta sha wahalar aiki. A Legas laima takan haura kashi 80 cikin 100, gumi ba ya bushewa, zuba kawai yake yi, jiki kuma ya ci gaba da fitar da wani don bai huce ba.

Yi fitsari, ka hau sikeli ba kaya kafin fita. Da ka dawo, goge jiki ka sake hawa. Kowane kilo 1 da ya ragu, ruwa lita 1 ne. Misali, ka fita da kilo 70, ka dawo da 68.8, ka sha lita 1.5 a cikin awa 3. Haɗa 1.2 da 1.5, ya ba ka lita 2.7, wato kana zubar da kusan lita 0.9 a awa. Abin da ake so shi ne kada ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70. Ledar fiya wata rabin lita ce, lissafin ba wuya.

Gargaɗi: kada tsoron zarni ya sa ka ɗura ruwa ba ƙaƙƙautawa. In ka dawo nauyinka ya ƙaru a kan na fita, ka sha fiye da kima, kuma zallar ruwa mai yawa yana tsinka gishirin jini har ya kai ga ciwon kai, amai, ruɗewa ko suma. Mai hawan jini kuma ya tambayi likita kafin ya ƙara gishiri a gora.

Mataki na 6: Duba ƙarfin takunka da lokacin fita

Akwai wata hanya ta biyu da amoniya ke fita ko da cikinka a cike yake. In ka matsa wa tsoka iya ƙarfinta, irin tseren da samari suke yi a kan gadar Lekki zuwa Ikoyi don kada a bar su a baya, tsokar da kanta tana fitar da amoniya. Zafi ma yana sa ajiyar sukari ta ƙare da wuri. A fita ta gaba, yi tafiyar da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya katse maka magana ba, ka kuma yi ƙoƙarin sauka kafin rana ta take, musamman a Fabrairu da Maris. In zarnin ya ɓace da haka, ka gane inda matsalar take.

Mataki na 7: Duba abincinka na yau da kullum

Masu rage ƙiba da suka yi sallama da tuwo da shinkafa da burodi suka koma nama da ƙwai da kifi, su ne suka fi kowa kawo wannan koke. Ajiyarsu kullum a ƙasa take, furotin kuma ya yi yawa, dole amoniya ta samu hanya. Haka masu shan garin furotin na ƴan ɗaga ƙarfe. Ɗan wasa yana buƙatar gram 1.2 zuwa 2 na furotin a kowane kilo a rana, abin da ya haura haka jiki ƙona shi kawai yake yi. In kana son rage nauyi, rage abinci a ranakun hutu, ka bar ranar doguwar tafiya da daren da ya gabace ta.

Sai maganar azumi. Mai azumin Litinin da Alhamis kada ya ɗora doguwar tafiya a waɗannan ranaku. A watan Ramadan kuma, shawarata ita ce a ajiye tafiyar awa uku da huɗu gaba ɗaya, a koma gajeriya mai sauƙi wadda ba ta kai awa ɗaya ba, dab da shan ruwa. Wanda keken ne sana'arsa kuma ba shi da zaɓi, ya ba sahur muhimmanci: kunu ko fura, abinci mai sitaci, ruwa tun daga buɗa-baki har zuwa sahur, ya kuma nemi inuwa da tsakar rana.

Mataki na 8: Awannin farko bayan saukowa

Ci abinci cikin awa ɗaya. Fura da nono ta haɗa abin da ake so duka: sitaci, ɗan furotin, ruwa. Shinkafa da wake ma haka. Ruwa kuma, a kan kowane kilo da ka rasa sha lita 1.25 zuwa 1.5, a rarrabe cikin awanni, har fitsari ya koma fari-fari. Ruwan wanka mai zafi yana tayar da amoniyar da ke kan fata, shi ya sa wasu ba sa jin ta sai a banɗaki. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne.

Gargaɗi: kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki alhali kana a bushe. Irin waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma a wannan lokacin ita ma a matse take. Haka jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a gora a tashar mota, ba ka san me ke ciki ba, ƙoda da hanta kuma su za su tace shi.

Mataki na 9: Lokacin zuwa asibiti

In ka gyara wanki da abinci da ruwa, ka yi fita uku ko huɗu zarnin bai ragu ba, je a duba ka. Kada ma ka jira hakan in akwai ɗaya daga cikin waɗannan: zarni a ranar da ba ka motsa jiki ba, warin fitsari a numfashi da ɗanɗanon ƙarfe a baki, kumburin ƙafa ko fuska da safe, fitsari mai kumfa ko mai jini ko wanda ya ragu, ido ya yi rawaya, kasala da tashin zuciya da ba sa tafiya. Wanda yake da hawan jini, ciwon sukari, ko ciwon hanta nau'in B, ko akwai mai ciwon ƙoda a gidansu, da asibiti ya kamata ya fara tun kafin Mataki na 3. In kuma warin ba zarni ba ne, mai zaƙi-zaƙi ne irin na maganin goge farce, ga ƙishirwa da yawan fitsari, sukarin jini za a auna da gaggawa. In wani ya ruɗe ko ya suma a hanya, lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Gwaje-gwajen farko ba masu wahala ba ne: na ƙoda, wanda ake rubutawa E/U/Cr a takarda, na hanta wato LFT, na fitsari, da na sukarin jini, tare da awon hawan jini. Babban asibitin gwamnati na yankinku zai iya yin su, kuma yawanci ya fi ɗakunan gwaji masu zaman kansu sauƙin kuɗi. Tambayi farashin kowanne daban kafin a ɗebi jini. In sakamako ya nuna wani abu, daga nan ake tura mutum wajen ƙwararru a asibitocin koyarwa, LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja. Mai fama da gyambon ciki ya faɗa wa likita, domin ƙwayar cutar da ke yawan jawo shi ita ma tana fitar da amoniya a cikin tumbi.

In ba gaggawa ba ce, kada ka je gwaji washegarin doguwar tafiya. Aikin ƙarfi da bushewar jiki suna ɗaga wasu alƙaluman na ƙoda da na hanta na ɗan lokaci, sai a tsorata ka a banza. Huta kwana biyu ko uku, sha ruwa yadda ka saba, ka faɗa wa likita yawan keken da kake hawa da duk wani gari ko ƙwaya da kake sha, ka kuma tafi da abin da ka rubuta tun daga Mataki na 1.